Kula da tsoho ko mara lafiya a gida a Ingila: yadda iyali za su karɓi haƙƙinsu a hannun kansul

Abin da ya fi rikita iyalanmu a Ingila shi ne rabon aiki tsakanin asibiti da ƙaramar hukuma. Magani da ganin likita na NHS ne, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Amma wanka, sa kaya, kai mutum bayi, ba shi abinci, juya shi a gado, duk wannan yana hannun sashen kula da manya na ƙaramar hukumar da mutum yake zaune, wadda aka fi sani da kansul, kuma sai an leƙa aljihunsa kafin a ce nawa zai biya. Dokar da ke tafiyar da harkar ita ce Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015. Ingila kaɗai ta shafa. Sukotlan, Wales da Ailan ta Arewa kowacce da dokarta, don haka alƙaluman da ke nan ba nasu ba ne.

A da, kansul ke da jerin hidimominta, a cusa mutum a wadda ta samu, kamar rigar gwanjo: ta yi maka ko ba ta yi ba, ita ce dai. Wata doka ta 1996 ta fara ba da damar miƙa wa mutum kuɗin kulawarsa a hannu, yarjejeniyar Putting People First ta 2007 ta faɗaɗa tunanin, sannan dokar 2014 ta mayar da shi wajibi. Yanzu ɗinkin tela ake nufi: a auna mutum tukuna, a ji yadda yake son rayuwarsa, sannan a yanka. Sai dai tela da awon da aka ba shi yake aiki. Iyalin da suka ba da awon ƙarya saboda kunya, rigar za ta matse su, kuma mai ɗawainiyar gida ce za ta fi jin matsin.

Kafin a buga waya

Ku samu littafi, ku yi mako biyu kuna rubuta duk abin da ake yi wa mutumin, da lokacinsa, da tsawon da ya ɗauka. Ba "ina taimaka wa Baba" ba. A rubuta: ƙarfe 5:30 na asuba, ɗaga shi daga gado zuwa bayi, minti ashirin, sai da mutum biyu, ƙarfe 2 na dare ya tashi yana neman ƙofar fita, ranar Talata ya bar gas a kunne, sau uku aka canza zanen gado a mako. A rubuta ranakun da jiki ya yi tsanani da waɗanda ya yi sauƙi, domin doka ta ce a duba buƙatar da ke hawa da sauka, ba ranar ziyara kaɗai ba. A haɗa da jerin magunguna, wasiƙun likita, da sunan asibitin GP, wato likitan unguwa da mutum ya yi rajista da shi.

Mai kula ita ma ta buɗe nata shafin: awa nawa ta yi barci, sau nawa ta fasa zuwa aiki, ciwon bayan da ya fara mata, ganin likitan da ta ɗage.

Tantancewa biyu ake nema, ba ɗaya ba

A kira sashen kula da manya na kansul ko a cike fom a shafinsu na intanet. Abin da za a nema da sunansa na hukuma shi ne needs assessment ga mara lafiya, da carer's assessment ga mai kula da shi. Dukansu kyauta ne. Kansul ba ta da ikon ƙin yin na farko don mutum yana da kuɗi, ko don tana ganin buƙatar ba ta kai ba. Ya isa a ce akwai alamar yana buƙatar kulawa. Idan mai amsa waya ya fara da tambayar ajiyar banki, a gaya masa a natse cewa tantance buƙata ake nema ƙarƙashin sashe na 9 na dokar Care Act, zancen kuɗi daga baya.

Doka ba ta yanke adadin kwanaki ba, amma ofishin Ombudsman mai sauraron ƙorafin ƙananan hukumomi yana ganin mako huɗu zuwa shida a matsayin abin da ya dace. A aikace ana wuce haka sosai. Idan lamarin na gaggawa ne, misali mai kula ta kwanta asibiti, a faɗa ƙarara, domin kansul tana da ikon sa hannu kafin a gama tantancewa. A rubuta ranar kira da sunan wanda aka yi magana da shi, a bi da imel.

A nemi tafinta tun a wannan kiran, a ce Hausa. Kada a bar jika ko ɗa ya yi tafinta a kan zancen fitsari da wanka: tsohuwa ba za ta faɗi gaskiya a gaban ɗanta ba, shi ma zai tausasa abin da ta faɗa. Ana iya roƙon jami'a mace ga mace. Wanda kuma yake da matsala babba wajen fahimta ko bayyana ra'ayinsa, kuma babu wani na kusa da ya dace ya tsaya masa, wajibi ne kansul ta samo masa mai magana da yawunsa mai zaman kansa.

Ranar da jami'ar ta zo

Ga yadda abin yake lalacewa a gidaje da yawa. Tun da safe an yi wa Hajiya wanka, an shafa mata turare, an ɗaura mata ɗankwali, an share falo, an kawo shayi. Jami'a ta tambaye ta ko tana iya wanka da kanta. Ta ce, "Alhamdulillahi, ana lallaɓawa." An juya ga 'yarta, wadda rabonta da barcin awa biyar a jere ya kai wata shida, ta sunkuyar da kai ta ce ai uwa ce, babu komai. Jami'a ta rubuta cewa iyali suna biyan buƙata, kuma suna son ci gaba. An rufe fayil da lambar wayar wata ƙungiya.

Babu wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, amma tsarin ba ya jin kara. Ka'idarsa hawa biyu ce. A hawa na farko, ana auna buƙatar mutum kamar babu kowa a gidan: in 'yar ta yi tafiya gobe, me Hajiya za ta iya? A hawa na biyu, kansul ba dole ba ne ta biya buƙatar da wani ɗan'uwa yake biya, muddin yana iyawa kuma yana so. To duk abin da mai kula ta amsa da "babu komai", an sauke wa kansul shi ke nan.

Sharuɗɗan cancanta uku ne. Buƙatar ta samo asali daga ciwo ko nakasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Saboda haka mutum ya kasa aƙalla biyu cikin abubuwa goma. Kuma kasawar tana taɓa jin daɗin rayuwarsa sosai. Abubuwan goma su ne ci da sha, tsaftar jiki, zuwa bayi, sa suturar da ta dace, zirga-zirga a cikin gida lafiya, tsaftar muhalli, zumunci da iyali da abokai, aiki ko karatu ko aikin sa kai, amfani da abubuwan unguwa kamar motar haya da wuraren taruwa, da kula da yaro ga wanda yake da shi.

Kalmar "kasawa" tana da faɗi fiye da yadda ake zato. Wanda zai iya wanka shi kaɗai amma da azaba, ko da fargaba mai tsanani, ko da haɗarin faɗuwa, ko sai ya ɓata lokaci mai tsawo fiye da kima, a doka ya kasa. Don haka amsar "yana iya sa riga" ba ta cika ba sai an ƙara "cikin minti arba'in, kuma ba ya iya ɓalle maɓalli".

Nan ne kuma wurin faɗin abin da ya sa rayuwarsa ta zama tasa. Alwala sau biyar da wanda zai riƙe shi, tsarki da ruwa ba da takarda kaɗai ba, abincin halal kuma irin wanda bakinsa ya saba da shi, masallacin Juma'a ko cocin Lahadi, azumi da sauyin lokutan ziyara a watan Ramadan, mace ta yi wa mace wanka. Waɗannan ba alfarma ake roƙo ba. Suna shiga ƙarƙashin mutunci, tsafta, abinci da cuɗanya da jama'a. Abin da ba a rubuta a rahoton ba, ba za a sa masa kuɗi ba. A nemi kwafin rahoton, a karanta layi-layi, a mayar da gyara a rubuce.

Tantancewar mai kula

Ƙidayar 2021 ta samu kusan mutum miliyan 5 a Ingila da Wales suna kula da wani ba tare da albashi ba, kuma da yawansu ba sa kiran kansu masu kula, 'ya ce kawai ko mata ko suruka. Ba sharaɗi ba ne ku zauna gida ɗaya, babu kuma mafi ƙarancin awanni. Ko mara lafiyan ya ƙi a tantance shi, ke kina da haƙƙin naki.

Ki nemi a yi naki ke kaɗai, ba a gaban wanda kike kula da shi ba, ba kuma a gaban yayanki da ke zuwa ranar Lahadi ya ba da umarni ba. Dole jami'a ta tambaye ki ko kina iya ci gaba, ko kina son ci gaba, ko kina aiki ko kina son komawa aiki ko karatu. Ki amsa da iyaka mai lamba: "Zan yi girki da magani da kwanan dare huɗu. Ba zan iya ɗaga shi ba. Daga ƙarfe 8 zuwa 4 ina wurin aiki." Wannan ba saɓa wa iyaye ba ne, wadda bayanta ya karye ba ta da abin da za ta yi musu.

Abin da ke fitowa daga nan ya bambanta daga kansul zuwa kansul: kuɗi kai tsaye don hutu ko wata buƙata taki, horo kan ɗaga mara lafiya, shirin ko-ta-kwana idan wani abu ya same ki, da mai maye gurbinki na 'yan awanni ko 'yan kwanaki. A lura da wannan na ƙarshen: hidima ce ga mara lafiya, don haka idan akwai caji, a kansa yake, ba a kanki ba. Idan akwai yaro ƙasa da shekara 18 da ke taya ɗawainiyar, a ambace shi, shi ma yana da tasa tantancewar.

Lissafin kuɗi

Dukiyar mara lafiya kaɗai ake dubawa, ba ta 'ya'yansa ba. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa duka. Ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar, sai kuɗin shiga. Tsakanin biyun, ana ɗaukar kowane fam 250 kamar yana kawo fam 1 a mako. Mai fam 18,000 ke nan ya haura ƙasan da 3,750, a raba da 250, za a ƙara fam 15 a kan kuɗin shigarsa na mako. Idan a gida ake kula da shi, ba a lissafa gidan da yake ciki. Shirin da aka yi na kayyade abin da mutum zai kashe kan kulawa a rayuwarsa a fam 86,000 an soke shi a Yulin 2024, kada a dogara da shi.

Abu biyu suna kama mutanenmu. Na ɗaya, gida ko fili ko asusun banki a Kano ko Yamai dukiya ce da ake tambaya, ɓoye ta kuma na iya jawo biyan bashin baya. Na biyu, tura kuɗi mai yawa gida ko rabon gado da rai bayan buƙatar kulawa ta bayyana: kansul na iya cewa an yi ne don kauce wa caji, ta lissafa kuɗin kamar suna nan. Wanda ya saba aika wa dangi kuɗi shekara da shekaru ya ajiye shaidar hakan.

A ɓangaren rangwame, a kawo rasit na duk ƙarin kashe kuɗin da ciwon ya jawo: ƙarin wuta da dumama ɗaki, wankin zanen gado, abinci na musamman, tasi zuwa asibiti, ƙararrawar neman agaji. Ana cire su kafin a yanke caji, amma sau da yawa sai an tambaya. Akwai kuma abin da ba a biya ko kaɗan: taimakon farfaɗowa bayan sallama daga asibiti har zuwa mako shida, kayan taimako, da ƙananan gyare-gyaren gida da ba su wuce fam 1,000 ba, kamar ƙarfen riƙewa a bayi. Babban gyara irin na banɗaki ko lif ɗin bene yana da tallafin Disabled Facilities Grant, har fam 30,000. Wanda buƙatarsa ta fi karkata ga jinya, a nemi a duba shi don NHS Continuing Healthcare, domin idan ya cancanta NHS ce ke biyan komai ba tare da duba aljihu ba.

Tsarin kulawa da hanyoyi uku na riƙe kuɗin

Bayan cancanta sai a rubuta tsarin kulawa tare da mutumin da mai kula da shi, a sa masa kasafi na kansa. Dole kasafin ya isa biyan buƙatun da aka amince da su. Kansul na iya zaɓar hanya mai rahusa cikin hanyoyin da duk za su biya buƙata, amma ba ta da ikon yanka wani adadi ta ce iyakarta ke nan. A tambayi yadda aka lissafa: awa nawa, a kan nawa kowace awa. Ziyarar minti 15 ba ta dace da wanka ko kai mutum bayi ba, kuma jagorar gwamnati ta faɗi haka.

Hanya ta farko, kansul ta riƙe kuɗin ta turo kamfani. Babu wahalar takarda, amma fuskoki suna canzawa, lokaci yana zamewa. A duba rahoton CQC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kulawa, a kan kamfanin. Ta biyu, a ajiye kasafin a hannun kamfanin da kuka zaɓa ku riƙa tsara awannin tare. Ba kowace kansul ke da wannan ba. Ta uku ita ce direct payment, kuɗi a hannu, galibi a kati ko asusu na daban. Ana iya haɗa biyu.

Ta ukun ita ce ke ba da damar ɗaukar mai jin Hausa, wadda ta san tuwo da kunu kuma ta san yadda ake gaida babba. Amma duk wanda ya ɗauki ma'aikaci kai tsaye ya zama mai ɗaukar ma'aikata a idon doka. Sai ya duba takardar izinin aikin ma'aikacin, ya yi rajista da hukumar haraji ta HMRC don cire haraji, ya sayi inshorar mai ɗaukar ma'aikata, ya ba da kwantiragi a rubuce, ya biya aƙalla mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama daga Afrilun 2025 kuma yana sauyawa duk Afrilu, da hutun mako 5.6 a shekara, da fansho idan albashin ya haura fam 10,000 a shekara. Awa 14 a mako a wannan farashi fam 170.94 ne, kuma wannan albashi ne tsura. Idan kasafin bai ƙunshi kuɗin hutu, inshora, mai lissafin albashi da wanda zai maye gurbi ranar rashin lafiya ba, a mayar da shi kafin a sa hannu. A yi binciken DBS, wato na tarihin aikata laifi, ko da 'yar garinku ce.

Inda ake faɗawa rami: biyan kuɗi hannu da hannu ba rasit, ɗaukar ɗalibar da bizarta ta kayyade mata awanni, da biyan ɗan'uwan da ke zaune a gidan. Wannan na ƙarshe ba a yarda da shi ba sai kansul ta gamsu cewa ya zama dole, misali saboda harshe ko ciwon mantuwa da ya sa mutum ba ya yarda da baƙo, kuma a karɓi amincewar a rubuce tun kafin a fara. Kuɗin da aka kashe a wajen tsari, kansul za ta nemi a mayar. Haka idan za a tafi gida ganin dangi ko Umara, a tambaya tukuna.

Ana sake duba sabon tsari bayan mako shida zuwa takwas, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. In jiki ya sauya ko mai kula ta gaza, ba sai an jira ba. Ba a rage kasafi sai an sake tantancewa.

Wa ke da ikon sa hannu

Zama babban ɗa ko mata ba ya ba da ikon yanke hukunci a madadin baligi. Dokar Mental Capacity Act ta 2005 ta ɗauka kowa yana da hankalin yanke wa kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da iyali suke ganin wauta ne ba hujja ba ce. Tun mutum yana cikin hayyacinsa a yi takardar wakilci ta Lasting Power of Attorney, iri biyu: ta lafiya da walwala, da ta kuɗi da dukiya, a yi musu rajista a ofishin Public Guardian. Idan aka makara har mantuwa ta ci ƙarfinsa, sai an bi ta kotun Court of Protection, mai tsada da jan lokaci. Ko babu takardar, dole a tuntuɓi mai kula kafin a yanke abin da ya fi masa alheri.

Alawus da biza

Carer's Allowance, wato alawus na mai kula, ya kasance fam 83.30 a mako a shekarar 2025/26, ga mai ba da awa 35 a mako ga wanda ke karɓar alawus na ciwo ko nakasa irin su Attendance Allowance ko ɓangaren rayuwar yau da kullum na Personal Independence Payment (PIP). Akwai iyakar abin da za ki samu a aiki, wadda a shekarar 2025/26 ta kasance fam 196 a mako bayan cire haraji da wasu kuɗaɗe. Haura shi da fam ɗaya na iya cinye alawus ɗin makon gaba ɗaya, kuma dubban mutane sun wayi gari da bashin DWP, ma'aikatar da ke biyan alawus, ta wannan hanya, don haka duk ƙarin awa a sanar. Karɓar alawus ɗin na iya rage wani ƙari da mara lafiyan ke samu; a sa ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice ko Carers UK su lissafa gidan duka. Ma'aikaci kuma, tun 6 ga Afrilun 2024, yana da hutun mako guda a shekara ba albashi don kula da nasa.

Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati kada ya nemi waɗannan alawus, domin suna cikin jerin da aka hana kuma za su iya ɓata masa takarda. Kulawar kansul ba ta cikin jerin, amma tana da nata sharuɗɗan shige da fice, musamman ga iyayen da suka zo da bizar ziyara. A ga lauya kafin a cike komai.

Sallama daga asibiti da ƙorafi

Matsin lamba ya fi yawa a bakin gadon asibiti, lokacin da ake neman gadon. Tun dokar Health and Care Act ta 2022, wajibi ne asibiti ya sa mai kula cikin shirin sallama da wuri. Kada a ce "za mu san yadda za mu yi" alhali babu gadon jinya a gida, babu na'urar ɗagawa, babu wanda zai zo da safe. A tambayi ranar da kayan za su iso da ranar da ma'aikaci na farko zai buga ƙofa.

Idan an ƙi cancanta, ko kasafi bai isa ba, ko an yi shiru, a nemi dalili a rubuce, sannan a shigar da ƙorafi ta tsarin kansul. Wasiƙar ta zama gajera: ranaku, buƙatar da rahoto ya amince da ita, abin da ba a yi ba, abin da ake so a yi, da kwafin shafukan littafin nan. Idan amsar ba ta gamsar ba, a kai wa Local Government and Social Care Ombudsman, kyauta ne, cikin wata 12 da sanin matsalar. Ƙalubalantar hukuncin kansul a babbar kotu kuwa wa'adinsa wata uku ne kacal daga ranar hukuncin, don haka mai wannan niyya ya nemi lauyan harkar kulawa tun ƙorafin yana tafiya.